Gwanintar Mai Jera Maɓallan Saman Shafi

A saman shafin intanet na kowace babbar ma'aikata, jami'a ce ko asibiti ko hukumar gwamnati, akwai wani siririn layi mai ɗauke da 'yan kalmomi: Neman Gurbi, Karatu, Biyan Kuɗi, Laburare, Tuntuɓe Mu. Mai ziyara yakan kai ido, ya danna guda, ya wuce abinsa. Da wuya ya tambayi kansa wa ya zaɓi kalmomin nan, don me wannan ta zo kafin waccan, don me kuma ba su kai 20 ba alhali ofisoshin ma'aikatar sun ninka haka. To, akwai mai wannan aikin. Wani wurin mutum ɗaya ne a ɗan ofishinsa a sashen kwamfuta, wani wurin tawaga ce 'yar ƙarama. Na daɗe ina sha'awar wannan sana'a, kuma ina ganin ta cancanci a bi ta daki-daki.

Masu aikin suna kiran layin gaba ɗaya menu, kowane maɓalli a cikinsa kuma tab. Daga ofis aka aro siffar. Duk wanda ya taɓa jawo durowar fayiloli ya ga ɗan kunnen kwalin da ke leƙowa a saman kowane fayil da suna a rubuce, don a gane shi ba sai an zaro ba. Shi aka zana a allo. Kamfanin Amazon na cikin waɗanda suka yayata shi a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da ya ƙara faya-fayen kiɗa da finafinai a kan littattafan da ya fara da su. Duk sabon kaya sai a ba shi kunnensa, har layin ya cika ya batse, daga baya dole kamfanin ya sauke su ya koma wani tsari. Faɗin allo yana da iyaka, buƙatun ma'aikata kuwa kullum ƙaruwa suke yi.

Gwani ba ya fara aiki da launi ko zane. Da ƙidaya yake farawa. Yakan buɗe Excel ya bi shafukan ma'aikatar ɗaya bayan ɗaya, kowanne da layinsa: adireshinsa, sunansa, ofishin da ke da alhakinsa, ranar da aka gyara shi na ƙarshe, da yawan mutanen da suka buɗe shi a shekara. Aiki ne mai cin rai, kuma a nan rago yake zamewa. Amma a wannan ƙidayar ce ake gano cewa kuɗin makaranta yana rubuce a wuri uku da adadi iri uku, ko sanarwar jarrabawar da aka yi tun shekarun baya tana nan daram, ko shafin da kowa ke nema yana binne sai an danna sau biyar kafin a kai gare shi.

Daga ƙidaya sai saurare. Ana iya saita akwatin bincike na shafin ya riƙa ajiye abin da mutane ke rubutawa a cikinsa, kuma gwani yakan karanta wannan tarin kalmomi a tsanake, domin da yawa daga masu zuwa akwatin menu ne ya gaza musu. In ya ga mutane suna ta rubuta "kuɗin makaranta" alhali maɓallin yana cewa "Ofishin Ma'aji", ya san inda gizo ke saƙar. Sa'an nan ya tashi daga kujera ya je bakin ƙofa. "Baba, me baƙi suka fi tambayarka?" Mai gadi ba zai yi dogon tunani ba: ina ake sayen fom, yaushe za a fitar da sunaye, ina ake karɓar takardar sakamako. Wanda ke zaune a teburin karɓar baƙi da mai ɗaga wayar ofis su ma suna da irin wannan ilimi, kuma ba kasafai ake tambayarsu ba.

Abin da gwani ke gudu shi ne cutar da ta fi kama shafukan ma'aikatu, wato jera menu bisa tsarin ofisoshi. Tun a 1968 wani masanin kwamfuta ɗan Amurka, Melvin Conway, ya lura cewa abin da ma'aikata ta ƙera yakan fito da kamannin yadda sassanta ke hulɗa da juna. In aka bar shafi ya tsara kansa, haka zai fito: shugaba da maɓallinsa, mataimakansa da nasu, kowane darakta da nasa. Ɗalibar da ta gama sakandare ta rubuta JAMB, tana riƙe da wayar yayanta, ba ta san bambancin Ofishin Magatakarda da Sashen Harkokin Ɗalibai ba, kuma ba dolenta ba ne ta sani. Ita dai gurbi take nema. Da gwamnatin Birtaniya ta buɗe shafinta na GOV.UK a watan Oktoban 2012, a madadin tsofaffin shafuka biyu, Directgov da Business Link, wannan ra'ayi ta bi: aka jera abubuwa bisa abin da ya kawo mutum, haraji ne ko fasfo ko tuƙi ko tallafi, ba sai ya san ma'aikatar da ke riƙe da shi ba.

Hanyar shiga tunanin irin wannan ɗalibar ba ta ma buƙatar kwamfuta. Ana kiranta rarraba katuna. Gwani yakan yanka farin kwali ƙanana-ƙanana, kamar 40 ko 50, ya rubuta abu ɗaya a kan kowanne: ɗakin kwanan ɗalibai, sauya kwas, jadawalin jarrabawa, tallafin karatu, asibitin makaranta, rajistar sababbin shiga. Ya cuɗe su ya zuba a tebur. Ya kira mutum guda daga cikin ainihin masu amfani da shafin, ba abokin aikinsa na ofis ba, ya ce masa, "Malam, ka tara waɗanda kake ganin dangin juna ne, kowane tsibi ka raɗa masa suna." Daga nan ya ja bakinsa ya yi shiru, kuma wannan shirun ba ƙaramin horo yake buƙata ba. In mutumin ya riƙe katin "sauya kwas" yana jujjuyawa, ya kai shi wannan tsibin ya fasa, ya mayar wancan, gwani ba zai nuna masa ba. Zai rubuta a littafinsa cewa wannan katin ya ba da wahala. In an gama ya ɗauki hoton teburin, ya sake cuɗe katunan, ya kira na gaba. Jakob Nielsen, ɗan asalin Denmak da ya yi suna a binciken sauƙin amfani da shafuka, ya ba da shawara a 2004 cewa mutum 15 sun isa wannan gwaji. In aka tattara hotunan sai a ga mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba sun ajiye katuna iri ɗaya a wuri ɗaya. Tsibin da suka yi ta maimaituwa su ne za su zama maɓallan saman shafi.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin a taɓa shafin gaske, gwani yakan rubuta tsarin tsurarsa, babu hoto babu launi, ya ba wasu mutanen daban aiki: "Kina son sanin kuɗin ɗakin kwana. Wanne za ki danna?" Idonsa yana kan dannin farko. In mafi yawa suka nufi Biyan Kuɗi alhali ya ajiye abin a Rayuwar Ɗalibai, ba zai ce mutane ba su da kai ba. Zai matsar da abin, ko ya sa mahaɗinsa a wuraren biyu.

Raɗin suna shi ne inda na fi ganin bambancin gwani da mai kwaikwayo. A shekarun 1990 Peter Pirolli da Stuart Card, masu bincike a cibiyar Xerox da ke Palo Alto a Kalifoniya, sun bayyana cewa mai neman bayani yana tafiya ne kamar dabbar da ke bin ƙanshin abinci: kalmar da ta yi masa ƙanshin abin da yake nema ita zai bi, in ƙanshin ya ɗauke ya juya. Maɓalli mai suna "Sauran Abubuwa" ko "Muhimman Bayanai" ba ya ƙanshin komai. Haka gajerun haruffan da 'yan ofis kaɗai suka san ma'anarsu. Gwani yana neman kalma ɗaya ko biyu, wadda baƙo da kansa yake faɗa da bakinsa, wadda kuma ba ta shiga gonar maƙwabciyarta ba; in akwai "Karatu" akwai "Kwasa-kwasai" a layi ɗaya, mai ziyara zai tsaya yana canki-canki. Idan shafin yana da harshe fiye da ɗaya, aikin ya ƙaru. Kalmar da ta zauna lafiya da Turanci tana iya tsawo da Hausa ko Faransanci ta karya layin. Sai ya duba ko salon haruffan da aka zaɓa yana da ɓ da ɗ da ƙ, domin in babu, harafin zai fito daban da 'yan'uwansa ko ya zama ɗan akwati. In akwai Larabci, layin duka sai ya juya ya fara daga dama. Maɓallin sauya harshe kuma da harshen kansa ake rubuta shi, don wanda bai iya Turanci ba ya gane nasa.

Su nawa ya kamata su zama? Wasu kan kafa hujja da binciken George Miller na 1956, cewa mutum yana iya riƙe abu kusan 7 a kansa a lokaci guda, su ce kada menu ya wuce haka. Gwani ya san binciken a kan abin da ake riƙewa da ka ne, menu kuwa yana gaban ido. Duk da haka yakan tsaya kusa da wannan adadi, saboda allo da haƙurin mai karatu. Abin da aka fi nema ya zo farko. Dokoki da tsare-tsare da guraben aiki, waɗanda ake buƙata amma ba kullum ba, su sauka gindin shafi.

Sai a nan hannu ke kaiwa ga na'ura. Ma'aikatu da yawa suna gudanar da shafinsu ne da manhajar sarrafa rubutu, irin su WordPress da ta fito a 2003 ko Drupal da ta riga ta a 2001. A WordPress ana kama maɓalli da linzamin kwamfuta a ja shi sama ko ƙasa. In aka ɗan tura shi dama, ya zama ɗa a ƙarƙashin na samansa, wanda zai zubo idan an buɗe uban. A Drupal kowane maɓalli yana da lamba da ake kira nauyi: mai ƙaramar lamba, har da wadda ta yi ƙasa da sifili, yakan taso gaba, mai babba ya nutse baya. Ƙwararre mai sa lambobin da hannu yakan ba su tazara, 0, 10, 20, don gobe in sabon abu ya zo ya sami wurin cusa shi ba sai ya sake lissafin duka ba. Ba ya gwaji a shafin da jama'a ke gani. Yana da kwafin gwaji a gefe, yakan adana tsohon tsarin kafin ya taɓa komai, ya zaɓi lokacin da baƙi suka yi ƙaranci, ba ranar da aka fitar da sunayen waɗanda suka sami gurbi ba. In ya gama ya share ma'ajiyar wucin gadi, inda na'ura ke riƙe tsohon kwafi don saurin buɗewa, in ba haka ba wasu za su ci gaba da ganin menu na jiya.

Akwai wani bambanci da ido bai cika gani ba. Tab iri biyu ne masu kama da juna. Na saman shafi mahaɗi ne, yana kai mutum wani shafin daban. Na cikin shafi kuwa ba ya kai mutum ko'ina, sai dai ya ɓoye wani sashe ya fito da wani, kamar Zango na Farko da Zango na Biyu a jadawalin kwas. Ƙa'idojin GOV.UK sun yi gargaɗin kada a yi amfani da wannan na biyun in mai karatu yana buƙatar karanta komai bi da bi, ko yana son kwatanta abin da ke wannan sashe da wancan, tunda ɗaya na buɗe ɗaya na rufe. A ƙaramin allo ma nasu yakan warware ya zama ɗan jerin kanun sassa, sassan duka a shimfiɗe a ƙasa. Kowane iri ne dai, dole mutum ya san inda yake. Tab ɗin da aka zaɓa sai ya fita daban, kuma ba da launi kaɗai ba, domin akwai masu gani da ba sa bambance ja da kore. A ƙara masa layi a ƙasa ko a kaurara rubutunsa. Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee mai ƙirƙiro yanar gizo ya kafa a 1994, tana da ƙa'idojin da ake kira WCAG. Bugunsu na 2008 ya ƙayyade cewa bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bangonsa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1. Gwani ba ya aunawa da ido, yana da 'yar manhajar da ke ba shi lambar.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda yake ture linzami gefe. Ya ɗora yatsa a madannin da ke hagu mai suna Tab, ya fara dannawa. Dannin farko ya kamata ya fito da wani ɓoyayyen mahaɗi mai tsallake menu ya kai mutum kan rubutu kai tsaye, don wanda ba ya iya riƙe linzami kada ya riƙa ratsa maɓallai duka a kowane shafi. Kowane danni kuma dole a ga zobe ya kewaye abin da aka tsaya a kai. Masu son ƙawa sukan goge wannan zoben wai yana ɓata zane, gwani kuwa yakan mayar da shi ya ƙara masa kauri. Ya danna Enter ƙaramin menu ya zubo, ya danna Esc ya rufe ya dawo da shi inda yake. In ya iso tab na cikin shafi, kibiyoyin hagu da dama ne ke yawo a tsakaninsu. Bayan haka ya kunna NVDA, manhajar kyauta mai karanta allo da murya, wadda Michael Curran ya fara a 2006 a Ostireliya, James Teh ya haɗa hannu da shi, dukansu biyu makafi ne. Ya saurara. In aikin ya yi kyau, muryar za ta faɗi sunan tab ɗin, ta ce an zaɓe shi, ta ce shi ne na biyu cikin huɗu. Wannan bayani daga wasu alamomi yake fitowa da ake dasawa a cikin rubutun shafin, masu suna ARIA, waɗanda W3C ta tabbatar a 2014. Jagorar W3C ɗin kanta ta ja kunne cewa sa su ba daidai ba ya fi rashinsu illa, domin suna sa muryar ta faɗa wa makaho abin da ba haka ba ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai waya, wadda ita ce kwamfutar mafi yawan mutanenmu. A nan layin ba ya shiga, sai a naɗe shi a bayan 'yan layuka uku, alamar da Norm Cox ya zana wa kwamfutar Xerox Star ta 1981. Abin da aka ɓoye ba a cika nemansa ba, don haka gwani yakan rubuta kalmar menu kusa da alamar, ya bar abu ɗaya ko biyu da aka fi nema a fili. Menu mai buɗewa idan linzami ya bi ta kansa ba shi da amfani a nan, tunda yatsa taɓawa yake yi. Bugun WCAG na 2023 ya sa mafi ƙanƙantar abin taɓawa ya zama ɗigon allo 24 tsawo da faɗi, kamfanin Apple kuwa 44 yake ba da shawara. Kuma ba a babbar wayar ofis gwani yake gwadawa ba. Yakan nemi tsohuwar waya mai araha, ya fita rana, ya tsaya inda sabis ke rawa, ya ga ko menu zai buɗe kafin hotuna su gama sauka su cinye wa mutum data.

Duk lokacin da aka sauya tsari, adireshi yana iya sauyawa, kuma tsohon yana nan a takardun da aka buga, a saƙonnin WhatsApp, a sakamakon Google. Rago zai bar masu binsa su ci karo da 404, lambar da ke nufin ba a sami shafin ba. Gwani yakan koma Excel ɗinsa na farko, ya haɗa kowane tsohon adireshi da sabonsa ta umarnin 301, wanda ke shaida wa burauza cewa abin ya ƙaura dindindin, ga inda yake. Berners-Lee ya rubuta tun a 1998 cewa adireshi mai kyau shi ne wanda ba ya sauyawa. GOV.UK ma, da ta kwaso shafukan hukumomi ɗaruruwa, haka ta bi tsofaffin adireshinsu tana karkatar da su.

Mafi wuya a aikin ba a allo yake ba. Wata rana darakta zai aiko cewa a ba sashensa maɓalli a sama. Mai son zaman lafiyar kansa zai ƙara, gobe wani ya aiko ya ƙara, har layi ya zama biyu, ga alamar "sabo" tana ƙyaftawa a kan sanarwar da ta tsufa, ga maɓallin da in an danna sai ya ce ana kan aiki. Gwani yakan je da kansa da takarda a hannu. "Ranka ya daɗe, ga yawan waɗanda suka nemi shafinku, ga kuma inda suka fara dannawa. In muka sa ku a ƙarƙashin Bincike za su fi saurin samunku." Ya tafi da rubutacciyar ƙa'ida da shugabanni suka amince da ita, mai faɗin abin da ke shiga layin sama da wanda ke da ikon sauya shi, don kada maganar ta zama tsakanin babba da ƙarami. Sa'an nan yana da kalanda: lokacin sayar da fom ya fito da mahaɗinsa fili, in an rufe ya sauke shi a ranar, lokaci-lokaci kuma ya saki manhajar da ke bin mahaɗai tana fito da matattu.

Kirana ga shugabannin jami'o'i da asibitoci da hukumominmu shi ne su san wanda ke riƙe da wannan layi a ma'aikatarsu, su ba shi lokaci da horo, su kuma mara masa baya a ranar da ya ce wa wani babba a'a. Kai kuma mai karatu, in kana aiki a irin wannan wuri, ka buɗe shafinku a wayarka yau, ka nemi abin da baƙi suka fi tambaya a bakin ƙofa, ka ƙirga sau nawa ka danna, ka kai wa mai kula da shafin adadin.